Ina sararin kwamfutata yake tafiya?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum. Ranar Juma'a saura 40GB a rumbun kwamfutata, yau layin da ke nuna cikar rumbun (C) ya koma ja wur, saura 6GB. Ban sauke komai ba, Windows kawai na sabunta. Ga hotunan bikin mutane sun ƙi shiga, gobe zan miƙa. Don Allah a taimaka.

Mai gyara a Farm Centre: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sabuntawar ce. Tsohon tsarin yana jibge cikin jakar Windows.old, sai bayan kwana 10 yake gogewa da kansa. Buɗe Disk Cleanup, manhajar share tarkace da ke cikin Windows, ka share shi, amma fa daga nan babu komawa tsohon.

Maman Hanifa: Duba hiberfil.sys ma, ɓoyayyen fayil ne da Windows ke adana aikinka a ciki idan kwamfuta ta shiga dogon barci. Ni shi ya cinye min.

Ɗan Fagge: Yaya, Windows.old ɗin ce, 28GB! Allah ya saka da alheri.