Mma "to" kawai take ce wa dokta, yaya za mu yi?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Mma tana da hawan jini, Hausa kawai take ji sai ɗan Tiwi (yaren Gana) na kasuwa, in ta shiga wurin dokta duk abin da ya faɗa "to" take cewa, ta dawo gida ka tambaye ta me aka ce sai ta ce ai ya rubuta a folda. Yanzu ta aje maganin wai yana kumbura mata ƙafa kuma ai ta ji sauƙi. Aiki ba ya barina in raka ta kullum, ko in dinga haɗa ta da ɗiyata mai shekara 12?

Anti Nas: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Mma lafiya. Don Allah ku koma asibiti a satin nan, hawan jini ba ya jira sai mutum ya ji ciwo, awon jinin na iya kaiwa 160 ko sama mutum yana ta harkarsa. In amlodipine take sha yana kumbura wa wasu ƙafa, dokta zai duba ya rage ko ya canja, amma sai an gaya mai. Ku zuba duk magungunanta a leda ku tafi da su, har na gargajiya, kar ku ɓoye don tsoron faɗa. Ni a wurin aiki na daina tambayar "kin gane?" don tsofaffinmu kunya ba ta barin su ce a'a, cewa nake Hajiya gaya min yadda za ki sha in kin je gida, nan take zan ji inda ya kuɓuce mata.

Hajiya Asawase: Maganar ɗiyarka kam ban yarda ba. Wace tsohuwa ce za ta faɗi matsalar fitsari ko ta mata a gaban jikarta? Shiru za ta yi wallahi, yarinyar ma ba ta san sunayen ciwo ba. A nemi babbar mace da Mma ta yarda da ita, ko ku tambaya tun a wurin kati, sau da yawa akwai 'yar zango mai jin Hausa cikin ma'aikata.

Baban Sadik: Anti ba duka ne kamar ke ba fa, wata kafin ka gama tambaya ta daka maka tsawa, na san layi da tsawo amma mara lafiya yana da haƙƙi. Takardar haƙƙin majinyata ta hukumar lafiya ta Gana ta ce a yi wa mutum cikakken bayanin ciwonsa da maganinsa kuma a rufa mai sirri, katin inshorar lafiya na NHIS ne a hannunka ko kuɗi.

Ɗan Aboabo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ƙanwar Mma ta ce za ta raka ta ran Talata. Anti, in na kira waya suna ciki dokta zai yarda ya min bayani?

Anti Nas: In Mma ta yarda da bakinta yawanci ba matsala, ku dai nemi izini da ladabi tun farkon shiga.