Neman Shawara: Gashina ya zube kaf, likita ya kawo maganar maganin da ke rage garkuwar jiki

Assalamu alaikum. Admin, don Allah a sakaya sunana.

Shekaruna 28, ina aure a Zariya, ɗana ɗaya. Wata huɗu da haihuwata mai kitsona ta tsaya cak ta ce, "Ke, me ya same ki a ƙeya?" Wani fili ne kamar faɗin kwabo, sumul, ba ƙaiƙayi ba ƙurji. Muka ɗauka makero ne. Na goga tafarnuwa har fatar ta saɓule, na shafa man habbatus sauda da man darbejiya. Gwaggona ta ce askin aljanu ne, aka yi mini ruƙiyya, na sha rubutu. Kafin yaron ya shekara biyu babu ko sili ɗaya a kaina, gira ta tafi, gashin ido ya bi ta. Da hunturu ƙura kai tsaye take shiga idona, da zafi kuma gumi ya gangaro ciki don babu girar da za ta tare shi.

Likitan fata ya ce sunan ciwon alofeshiya ariyata, wai garkuwar jikina ce ke yaƙar saiwar gashina bisa kuskure. An yi mini allurai a fatar kai, ba su yi ba. Na sha prednisolone gashi ya fara tsirowa, fuskata ta kumbura, ana janye maganin ya sake zubewa. Yanzu ya ce akwai tofacitinib ko baricitinib, amma suna sassauta garkuwar jiki, kuma ba a ɗaukar ciki a kansu. Ga shi na yaye ɗana, maigida da danginsa sun fara maganar ƙani.

Shekara biyu ke nan ban cire hula a gaban kowa ba sai mijina. Ko gidan biki ba na zuwa. Wanda ya taɓa shan maganin nan ko ya san shi, don Allah ya faɗa mini gaskiya.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin sa ni hawaye, don hanyar nan na bi. Na sha tofacitinib, ƙwaya ɗaya safe ɗaya dare. Wata uku na farko ban ga komai ba, har na ce asarar kuɗi nake yi. A na huɗu wani farin gashi mai laushi kamar na jariri ya fito, daga baya ya yi baƙi. Ranar da na ga girata a madubi sai da na yi sujada. Amma ga abin da nake so ki riƙe: bayan shekara ɗaya da wani abu kuɗi suka yanke mana, na daina sha ba tare da na koma wurin likita ba. Cikin 'yan watanni komai ya sake zubewa, kuma wallahi zubewar ta biyu ta fi ta farko ciwo a zuciya. Kafin ki haɗiyi ƙwayar farko ku zauna da maigida ku yi lissafin shekara, ba na wata ba.

Hajiya Babba: 'Yata, gashi ne fa ba ƙoda ba. Mijinki ya karɓe ki a haka, ki gode wa Allah ki ɗaura ɗankwalinki. Ni ban ga dalilin da mutum zai taɓa garkuwar jikinsa a garin da zazzaɓi da taifot ba sa ƙarewa ba.

Maman Ilham: Hajiya, Allah ya ƙara girma, tsoronki gaskiya ne. Amma wadda ba ta tashi da safe ta ga gashin idonta a kan matashi ba, da wuya ta san nauyin abin. Yarinyar nan ta ce shekara biyu ba ta shiga mutane. Wannan ma ciwo ne.

Abu Sadiq (mai harhaɗa magunguna): Baiwar Allah, sannu da jiki. Bari in ɗan tsawaita, amma maganata ba za ta maye gurbin likitanki ba.

Saiwar gashinki ba ta mutu ba, shi ya sa prednisolone ya iya tayar da ita. Magungunan da aka ambata miki suna toshe hanyar saƙon da ke tura sojojin jiki su far wa saiwar. Danne ciwon suke yi, ba sa tumɓuke shi, don haka abin da ya sami Maman Ilham shi ke samun mafi yawan waɗanda suka daina.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da baricitinib don wannan ciwo a watan Yunin 2022. An gwada shi a kan mutum 1,200 masu zubewa mai tsanani. Bayan mako 36, sama kaɗan da mutum ɗaya cikin uku na masu shan miligiram 4 ne gashi ya rufe musu aƙalla kashi 80 cikin 100 na kai. Masu shan miligiram 2 kuwa kusan ɗaya cikin biyar. Kin ga ba kowa yake yi wa ba. Abin da ke gefenki shi ne waɗanda zubewarsu ba ta kai shekara huɗu ba sun fi samun nasara. A 2023 an ƙara amincewa da ritlecitinib, daga ɗan shekara 12 zuwa sama. Shi tofacitinib asalinsa maganin amosanin gaɓɓai ne tun 2012, likitocin fata na bayar da shi ne don sun ga yana aiki, kuma samfurin Indiya da Bangladesh ya fi araha.

Inda nake so ki buɗe kunne shi ne gwaje-gwaje. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma mutum kan ɗauki ƙwayar cutar tana kwance a jikinsa ba tari ba rama. Maganin nan na iya tashinta. Haka ciwon hanta nau'in B. Saboda haka dole a duba tarin fuka da ciwon hanta B da C da HIV, a ƙirga ƙwayoyin jini, a duba aikin hanta da ƙoda da kitsen jini, sannan a riƙa maimaita wasu bayan an fara. Akwai gargaɗi a kwalinsa kan daskarewar jini a jijiya da ciwon zuciya da daji. Binciken da ya jawo gargaɗin a kan masu amosanin gaɓɓai 'yan shekara 50 zuwa sama aka yi shi, masu haɗarin ciwon zuciya, amma kada ki ce ƙuruciya ta kare ki. Ki faɗa wa likita in wani a gidanku ya taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu. Ki kuma tambaye shi irin tsarin iyalin da ya dace, domin wasu ƙwayoyin hana ɗaukar ciki su ma suna ƙara wannan haɗari.

Kada ki saya a hannun masu talla a intanet.

Ummu Khalil: Ina goyon bayan Abu Sadiq kan gwajin nan. Ƙanena ya je da niyyar fara maganin, a nan aka gano yana da ciwon hanta B, bai taɓa sani ba. Sai da likitan hanta ya shigo cikin maganar. Da a kemis ya saya ya fara sha, Allah kaɗai ya san ƙarshen abin.

Sister Rabi: Ni ma'aikaciyar jinya ce. In kina da niyyar Umra ko Hajji, ki yi allurar rigakafin zazzaɓin shawara kafin ki fara, idan ba ki taɓa yi ba. Tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, ba a yi wa mai shan irin wannan magani. Kuma in kin fara kika ga ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi sun jeru a gefe ɗaya na jiki, ki je asibiti a ranar. Ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta tun yarinta take farkawa. Zazzaɓi ma kada ki ce maleriya ce kawai ki sayi magani. A duba miki tayiroyid kuma, wato halittar nan ta gaban wuya da in ta kumbura ake kira maƙoƙo, matsalarta takan zo tare da wannan ciwon.

Maganar ciki kuwa, ita ce babbar tambayarki, ba maganin ba. Ba a sha da ciki, ba a sha ana shayarwa. Wata ta zaɓi ta haihu tukuna, wata ta zaɓi ta fara magani ta jinkirta haihuwa, ta san cewa ranar da ta tsaya don neman ciki gashin na iya tafiya. Wannan ke da mijinki za ku yanke, a gaban likita, ba dangi ba.

Baban Nana: Ni namiji ne, nawa a gemu ya fara ya haura kai. Mutane suna cewa namiji ba ruwansa, ya sa hula ya wuce. Ba su san na daina tsayawa a sahun gaba ba don yara na kallon fuskata babu gira. Ban sha maganin ba, aljihuna bai kai ba. Tabarau nake sawa saboda ƙura, yana taimakawa sosai, ki gwada. Allah ya ba mu lafiya baki ɗaya.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji maganarki kuma ban ƙi ta ba. Jiya da daddare na karanta wa maigida amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce bai san na daina zuwa biki saboda wannan ba ne, ya ɗauka hidimar yaro ce. Ya ce maganar ƙani ta dawo hannunsa, shi zai yi wa Hajiyarsa bayani. Ba mu yanke ko zan sha ba tukuna. Ranar Litinin za mu je tare a ɗebi jinin a yi hoton ƙirji, kuma na rubuta tambayar tsarin iyalin da ta allurar shawara a takarda don kada in manta. Maman Ilham, don Allah ki duba saƙonki, ina so in ji yadda kika yi da zubewar ta biyu.