Me ya sa Andromeda ke fitowa kamar hayaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saita madubin hangen nesa mai faɗin inci 6 kan tarin taurarin Andromeda, amma ban ga murɗaɗɗun hannayensa ba, wato layukan taurarin da suka kewaye tsakiyarsa, sai farin tabo. Madubin ne ya gaza?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Madubinka lafiya lau yake. Tabon nan tsakiyar tarin ne, haskensa ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso idonka. Hannayen kuwa dusu-dusu suke, kyamara ce ke fito da su sosai.

Amsa: Malam, ka fita bayan gari a daren da babu farin wata, kafin hazon hunturu ya sauko, ka bar idonka ya saba da duhu na minti 20, sannan ka dubi gefen tabon.

Amsa: Ka rage ƙarfin zuƙowa kuma, domin tsawon tarin a sama ya ninka faɗin wata kusan sau 6.