Za mu bar Nima, amma makarantar yara ta tsayar da ni

Salamu alaikum jama'a. Kuɗin haya a unguwar Nima da ke Accra ya fi ƙarfina, ɗaki ɗaya kuma ya yi mana kaɗan, shi ya sa nake neman gida a bayan gari. Babbar 'yata tana JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare, baɗi za ta rubuta BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ƙannenta biyu suna firamare. Ina son su riƙe karatun addini ba tare da boko ya yi rauni ba.

Na je Kasoa, haya da sauƙi, amma a Circle, cikin Accra, nake aiki, cunkoson hanyar Mallam zai cinye mini safiya. A Adenta makarantun kuɗi sun burge ni, sai dai kuɗin zango ɗaya na yara uku ya wuce abin da nake samu. Wata ta gwamnati da na shiga a wajen Amasaman, aji ya cika maƙil, yara uku-uku a benci, kuma da na nemi ganin sakamakon BECE na bara sai aka ce in dawo wani lokaci. Dillalai kuwa kowa unguwarsa yake yabo.

Don Allah masu yara a can, wane gari ne kusa da Accra yake da makarantar Islamiyya ta gwamnati wadda ɗalibanta ke cin BECE sosai, kuma trotro (motar haya) ɗaya zai kai ni Circle?