Neman kalmar Hausa: "independent contractor" da irin asusun da ya dace da shi

Malamin Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ana shirya ɗan bayani da Hausa domin matasanmu na zango a nan Kumasi, ƙasar Gana, masu karɓar aiki da kansu: masu zane a kwamfuta, masu haɗa wayar wuta, masu fassara, masu ƙera manhaja. Kalmomi uku sun tsaya mana. Ta farko ita ce "independent contractor". Sauran biyun su ne tambayar da banki ko dandalin biyan kuɗi yake yi wa mutum tun a shafin farko, wato "individual" ko "business". An kawo ɗan kwangila, da asusun mutum ɗaya, da asusun kamfani, amma hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Masana a taimaka.

Akawun Adum:
Wa alaikumus salam, Malam. Ɗan kwangila ba zai yi ba. Duk wanda ya ji shi a Asawase, mai tifa da siminti zai faɗo masa a rai, ba yarinyar da take zana tambarin shago a laftof ba. A fara tsayar da ma'anar tukuna. Ma'aikaci mai albashi, maigidansa ne yake cire masa harajin albashi duk wata, ya cire kashi 5.5 na SSNIT, wato hukumar fansho ta ƙasa, ya ƙara kashi 13 daga aljihunsa. Wanda muke magana a kansa ba shi da maigida. Aiki aka ba shi, kayan aikin nasa ne, lokacin nasa ne, in ya gama ya miƙa takardar neman biya. Harajinsa da fanshonsa duk a wuyansa suke. Kalmar da za mu ɗauka dole ta nuna wannan.

Hajiya Mai Ɗinki:
To ai Hausa tana da ita tun kaka da kakanni: jinga. Mai gona ya nuna maka fili, ku yi jinga, ko ka gama a yini ɗaya ko a uku, kuɗin nan dai shi ne. Ba ya tsaya a kanka, ba ya ba ka fartanya. Haka mai gini, haka mai ɗinkin anko. Ɗan jinga, 'yar jinga, 'yan jinga.

Ɗan Sawaba:
Hajiya, kalmar ta zauna a baki, amma abu biyu. A Upwork, dandalin neman aiki na intanet, da yawa biyan awa ake yi musu, ba biyan aiki dungum ba. Sannan matasa za su ga kamar an mai da su leburori. Me zai hana a ce mai zaman kansa?

Malamin Aboabo:
Mai zaman kansa siffa ce, ƙanena, ba suna ba. Asibiti ma mai zaman kansa ne, makaranta ma haka. Maganar awa kuwa, jingar awa ce: an tsayar da farashin awa ɗaya, ana ƙirgawa, ba albashi ba ne. Game da raini, ina ganin a ambaton farko a rubuta ɗan jinga mai zaman kansa, daga nan a ci gaba da ɗan jinga. Kada dai a ce mai jinga, domin ba a gane mai bayarwa ne ko mai karɓa.

Akawun Adum:
Na yarda da ɗan jinga. Inda aikin yake shi ne asusun, kuma a nan fassarar kamfani take da haɗari sosai. Kalmar "business" abu biyu ta haɗa, waɗanda a dokar Gana ba su haɗu ba.

Akwai rajistar sunan sana'a, abin da ake liƙa wa Enterprise ko Ventures a allon shago. Ana yin ta a ofishin rajistar kamfanoni, ORC, da Form A, ƙarƙashin dokar 1962, kuma ana sabunta ta kowace shekara. Wannan ba kamfani ba ne ko kaɗan. Kai ne dai, ka sa riga mai wani suna. Bashin sana'ar bashinka ne, in an kai ƙara kai aka kai, harajin ribar kuma a kan mizanin mutum ake lissafa shi, wanda yake farawa daga kason da ba a biyan komai har ya kai kashi 35 ga masu samu mai yawa. Tun 2021 lambar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, ita ce lambar harajin mutum, to da ita GRA, hukumar haraji ta Gana, ta san ka.

Sai kamfani na gaskiya, mai Limited a ƙarshe, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2019. Shi doka tana kallonsa kamar wani mutum dabam da kai. Yana buƙatar daraktoci aƙalla biyu, da sakatare, da mai binciken lissafi, da rahoton shekara-shekara. Harajinsa kashi 25 ne na riba, sannan in ka raba wa kanka ribar a cire kashi 8. Wato a sidi 100 na riba, 25 sun tafi, cikin 75 da suka rage 6 sun tafi, hannunka ya dawo da 69, ba a ma sa kuɗin mai binciken lissafi ba. Ɗan jinga guda da laftof ɗinsa, da wuya wannan ya biya shi.

Saboda haka kalma biyu ba za su ishe mu ba. Uku muke buƙata.

Hajiya Mai Ɗinki:
To na farkon a ce asusun sunan yanka, na biyu asusun sunan sana'a, na uku asusun kamfani. Kowa zai gane.

Ɗan Sawaba:
Na biyu da na uku sun yi daidai, Hajiya. Sunan yanka ne nake tsoro. Abin da banki yake dubawa shi ne sunan da ke kan Ghana Card, harafi da harafi, kuma tun Yulin 2022 da katin ake hulɗa da banki. Mutanenmu da yawa an raɗa musu Muhammadu, katin ya ce Mohammed, takardar makaranta ta ce Mahamadu, wani kuma an sa sunan kakansa a gaba. In muka ce sunan yanka, yaro zai rubuta abin da liman ya faɗa ranar suna. Payoneer kuwa, dandalin karɓar biya daga waje, ba ya tura kuɗi zuwa asusun bankin da sunansa ya saɓa da na mai rajista. Dala ta iso, ta tsaya a hanya, sai an yi ta aika hoton kati. Ni dai asusun ƙashin kai nake gani, a ƙara da cewa da sunan kan kati ake buɗe shi.

Malamin Aboabo:
Wannan gyara ne mai kyau. Na ƙashin kai magana ce da muke yi kullum. Asusun mutum ɗaya da aka kawo da farko ma yana da illa, domin za a ɗauka kishiyar asusun haɗin gwiwa ne na mata da miji. Wani ɗan abu kuma: a nan Kumasi in ka ce asusu, dattijai da yawa mai susu suke tunawa, mai zagaya Kejetia da kati yana karɓar na kullum. A rubutu a ce asusun banki a ambaton farko. A baki kuwa kalmar akawun, wato "account", ta riga ta shiga, ba laifi.

Akawun Adum:
To bari a ɗora kowace kalma a kan aikinta, domin mai karatu ya san wadda zai taɓa.

In kamfanonin gida kake yi wa aiki, a nan asusun sunan sana'a yake da amfani. Cekin da aka rubuta da sunan Enterprise ba ya shiga asusun ƙashin kai, haka za a mayar maka da shi a kantar banki. Wurin buɗewa ka riƙe takardar shaidar rajista, da Form A, da Ghana Card, da lambar adireshin GhanaPost GPS. Sunan da ke kan takardar neman biya, da na asusun, da na yarjejeniya, su zama ɗaya.

Ka kuma sa ran cire haraji tun daga tushe. A kan aikin hidima kashi 7.5 ne. Jingar sidi 4,000, za a riƙe 300, a ba ka 3,700. Wannan 300 ba asara ba ce, harajinka ne aka biya maka tun da wuri, amma sai ka karɓi takardar shaidar cirewar mai ɗauke da lambar harajinka, ka sa ta cikin lissafin shekara kafin ƙarshen Afrilu. Inda ake faɗuwa shi ne mutum ya ba da asusun yayansa ko lambar abokinsa domin sauri. Shaidar sai ta fita da sunan wani, ba kuwa yadda za a yi ta rage maka haraji.

MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ma haka. Layin ƙashin kai yana da iyakar abin da zai ɗauka a rana, kuma kuɗin cefane da na jinga suna cakuɗewa a ciki har a rasa lissafi. Mai karɓar biya da yawa ya nemi lambar ɗan kasuwa ta MoMoPay. Ko ba a yi rajistar komai ba, a ware asusun ƙashin kai na biyu domin kuɗin jinga kaɗai.

Ɗan Sawaba:
A dandalin waje kuma maganar tana juyewa, kuma nan ne rabewar ukun take ceton mutum. Mai Enterprise yana ganin "business" sai ya danna, alhali wasu wuraren kamfani mai rajista suke nufi. Apple dai, wurin rajistar masu ƙera manhaja, a fili yake: mai sunan sana'a shi kaɗai a matsayin mutum yake shiga, rajistar ƙungiya kuwa sai da kamfani da lambar shaidar kamfani da ake kira D-U-N-S. Google Play ma yana neman wannan lamba ga asusun ƙungiya. Takardar harajin Amurka da wasu dandalin ke sa a cike ita ma biyu ce: W-8BEN ta mutum, har da mai sunan sana'a, W-8BEN-E ta kamfani. Kuma sauya nau'in asusu bayan an buɗe ba abu ne mai sauƙi ba, sau da yawa sai an sake tantancewa daga farko. Don haka a rubuta cikin bayanin cewa kafin a danna, a duba takardun da suke nema. In sun ce takardar kafa kamfani da sunayen daraktoci, asusun kamfani ne, ɗan jinga mai Form A ya koma na ƙashin kai.

Hajiya Mai Ɗinki:
Malam, a sa maganar fansho ma. Ɗan jinga yana iya shiga SSNIT da kansa ta shirin SEED na masu aikin kansu, yana zuba kashi 13.5 na abin da ya bayyana yana samu. Matanmu masu ɗinki da yawa ba su san da wannan ba.

Malamin Aboabo:
Za a sa, Hajiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da aka tsayar: ɗan jinga, asusun ƙashin kai, asusun sunan sana'a, asusun kamfani. Saura takardar neman biya, wadda ta yi tsawo a kan allon waya, kuma rasit ba zai maye gurbinta ba tunda shi bayan biya ake ba da shi. Mai gajeriyar kalma ya kawo.