Wa ya taɓa tafiya hutu ƙauye da ƙudajen gwaji da filasmid?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum. Aikina a kan bantam ne, maikro-RNA ɗin nan (ɗan guntun RNA mai daidaita aikin ƙwayoyin gado) da aka gano aikinsa a jikin ƙudan 'ya'yan itace a 2003, mai sa nama girma, yana kuma hana ƙwayoyin jiki mutuwa. An ba ni shi a cikin filasmid pUAST, wato ɗan zoben DNA da ake dasa wa ƙudaje, ga kuma ƙudaje kwalba 6. Za a rufe makaranta ana tsakiyar bazara, garinmu kuwa ko turken wuta babu. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, ya kuka yi?

'Yar Gwaram: Wa alaikumus salam. Filasmid ba ya ba da wahala. Ɗiga nawa na yi a takardar tacewa, na zagaye wurin da fensir, da ya bushe na sa a leda na cusa cikin littafi. Da na dawo na yanke da'irar, na jiƙa, na zuba wa bakteriyar E. coli, washegari sai ga su sun tsiro a farantin maganin ampisilin, inda masu ɗauke da filasmid ɗin kaɗai ke tsirowa. Bakteriyar da na bari a firiza ce ta mutu, don janareto ya yi kwanaki a kwance.

Na Rano: Ƙudajen su ne rigima, ɗan'uwa. A digiri 25 suke so, kwana 10 daga ƙwai zuwa ƙuda. Zafi na wuce 30 mazan sai su daina haihuwa. Ni a ɗakin kwano na ajiye nawa. Kullum in leƙa in gan su suna ta shawagi, in ce lafiya lau, ashe ko tsutsa ɗaya babu a cikin abincin. Inna ta ce, "Sa'anninka na kiwon tumaki, kai ko ƙudan ma ya gagare ka."

Malamin Kazaure: Tukunya cikin tukunya ta fisshe ni, dabarar marigayi Mohammed Bah Abba da ta ciyo masa kyautar Rolex a 2000. Yashi tsakanin tukwanen, ruwa safe da yamma, jiƙaƙƙen buhu a baki, a inuwar da iska ke ratsawa. Amma fa kiyashi na jin ƙanshin yis da sukari za su yi maka sallama, sai ka zagaye gindin da toka. Damina na faɗuwa kuma sanyin ya ragu, fumfuna ta hau abincin.

'Yar Gwaram: Malam, a ƙara da wannan: GAL4, furotin ɗin da ke kunna UAS, wato makunnin da ke cikin pUAST, ƙarfinsa ƙaruwa yake da zafi, don haka duk girman ido ko fiffike da aka auna a tukunya ba abin dogaro ba ne. Sannan in an riga an dasa wa ƙudajen filasmid ɗin, kada su bar ɗakin gwaji. Tun 2015 akwai hukumar NBMA, mai sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado a Najeriya.

Ɗan Ringim: Na gode, Yaya. Nawa masu farin ido ne, ba a yi musu allurar filasmid ɗin ba tukuna. Na aika a sayo tukwane ranar kasuwa. Saura in san abin da zan faɗa wa Baba in ya ɗaga buhun.