Kofin duniya shida na Onome Ebi: ƙwarewa ce ko daɗewa?

Malam Sani, Agege: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a gidan kallo na faɗi wata magana aka taso mini, shi ne na ce bari in kawo ta nan a yi ta a tsanake. Ni a wurina, a duk 'yan bayan da Najeriya ta taɓa fitarwa a ƙwallon mata, babu kamar Onome Ebi. A nan Legas aka haife ta a 1983. Ta je gasar kofin duniya sau shida: 2003, 2007, 2011, 2015, 2019 da 2023. Kafin ita babu ɗan Afirka, namiji ko mace, da ya taɓa yin haka. Rigobert Song na Kamaru, duk da sunan da ya yi, huɗu ya je. Ga kofin Afirka sau huɗu, 2010, 2014, 2016, 2018. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Usman, Mile 12: Wa alaikumus salam Malam. Ni ne na musa jiya, kuma yau ma ina kan bakata. Ba raina ta nake yi ba. Amma zuwa sau shida daɗewa ce, daɗewa kuma daban, fifiko daban. A cikin zuwa shidan nan me aka samo? A 2003 Koriya ta Arewa ta yi mana uku, Amurka biyar, Suwidin uku, mu ko ɗaya ba mu zura ba. Sau huɗu a jere a rukuni aka koro mu. Sai 2019 muka leƙa zagayen 'yan 16, Jamus ta ba mu 3-0.

Malam Sani, Agege: Ƙanina, mutum sha ɗaya ke buga wasa. Kana ɗora wa yarinya 'yar shekara ashirin kayan 2003 ita kaɗai?

Usman, Mile 12: To in ba a ɗora mata faɗuwa ba, kada a ba ta nasara ita kaɗai. Kuma ga babbar hujjata, Malam. A 2023 ne bayanmu ya fi kowane lokaci ƙarfi. Kanada ba ta ci mu ba, Ayalan ba ta ci mu ba, Ingila ta yi minti 120 ba ta ci mu ba sai a bugun fenareti. Su wa suka tsaya a tsakiyar baya? Osinachi Ohale da Tosin Demehin, Plumptre a hagu, Alozie a dama. Ebi tana benci. A wasan Ostareliya ne aka fara sako ta dab da tashi. Da waɗannan 'yan mintocin aka cika shidan.

Hajiya Rabi, Idi-Araba: Usman, bari in sa baki, don ni abin ya shafe ni, 'yata tana buga ƙwallo a makaranta kuma baya take tsayawa. Ka faɗi gaskiya kan 2023, amma rabinta ka faɗa. Matar nan ta ji ciwo a gwiwa a Sifaniya tana dab da shekara arba'in. Duk wanda ya san ciwon gwiwa ya san yara 'yan ashirin da biyar ma yana raba su da fili. Ita ta yi jinya, ta dawo gida ta shiga Abia Angels don ta nuna ƙafarta ta warke, har koci ya ɗauke ta. Wannan ba kyauta ba ce.

Sannan ka duba wani abu da ba a cika faɗa ba. Zuwan nan shida, koci shida ne daban-daban. Akwai 'yan gida irin su Eucharia Uche a 2011, akwai Thomas Dennerby ɗan Suwidin a 2019, akwai Randy Waldrum ɗan Amurka a 2023. Kowa ya san sabon koci da tsintsiyarsa yake zuwa. In da alfarma ce, ɗaya zai yi mata, ko biyu. Amma mutum shida da ba su haɗa komai ba, a cikin shekara ashirin, kowa ya duba 'yan wasan ƙasar nan ya ce sai da ita? Ruwa ba ya tsami banza.

Usman, Mile 12: Hajiya, na karɓi wannan, hujja ce. To mu koma kulob. Bayan Bayelsa Queens ina ta je? Piteå da Djurgården a Suwidin, ba ta daɗe ba. Sai Turkiyya, sai Minsk a Belarus, sai Henan a Sin. Don Allah a cikinmu wa ya taɓa kallon gasar matan Belarus? Asisat Oshoala ta buga Liverpool, Arsenal, Barcelona, ta ɗauki kofin zakarun Turai. In da Ebi ta kai yadda Malam yake faɗa, da Lyon ko Wolfsburg sun neme ta.

Baban Ummi, Obalende: A nan ne nake ganin ka yi kuskure, Usman. Kana auna hatsin bara da mudun bana. Lokacin da Ebi take kan ganiyarta, wajen 2008 zuwa 2014, ƙwallon mata a Ingila da Sifaniya bai zama sana'ar da ake ci da ita ba. Gasar mata ta Ingila a 2011 aka buɗe ta, kuma sai 2018 ta zama ta ƙwararru zalla. Barcelona sai 2015 ta mai da ƙungiyar matanta ta ƙwararru. A wancan zamanin Suwidin tana cikin manyan wuraren da ake zuwa, can Marta ta Brazil take, can Perpetua Nkwocha ta yi shekaru. Kuma a ko'ina kulob ɗin waje ɗan gaba yake saye daga Afirka, mai cin ƙwallo, domin shi ake gani. Ɗan baya sai an zauna an kalli wasansa minti casa'in kafin a san darajarsa, wa ke zuwa Yenagoa, garin Bayelsa Queens, ya yi wannan zaman a lokacin?

Minsk ɗin da ka raina, da su ta ci gasar ƙasar, da su ta buga gasar zakarun Turai ta mata. Mace daga Legas ta je ƙasar ƙanƙara, ba yare, ba dangi, ta riƙe gurbinta shekara da shekaru. Mu da muka baro Arewa muka zo Ikko neman abinci mun san abin da zaman baƙunta yake nufi, alhali mu ko iyaka ba mu tsallaka ba.

Malam Sani, Agege: Allah ya saka da alheri, Baban Ummi. In ƙara da wasannin ƙarshe na kofin Afirka. 2014 a Namibiya, mun ci Kamaru 2-0. 2016 a Yawunde, a gidansu, fili cike da mutanensu, 1-0. 2018 a Ghana, Afirka ta Kudu, babu ci har aka je fenareti muka ɗauka. Wasan ƙarshe uku a jere ba a zura mana ko ɗaya ba. Kowa yana tuna ƙwallon Desire Oparanozie a Yawunde, ba wanda ke tuna waɗanda aka hana shiga.

Usman, Mile 12: Malam, Ohale ma tana cikin wannan bayan. Shi ya sa ni ita nake ba wa. Ta buga a Amurka, ta buga Roma, ta buga a Sifaniya, ta ci wa Najeriya ƙwallo ranar da muka doke Ostareliya 3-2 a gidansu, kuma tana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka na goma a Rabat a 2025. Kada kuma a manta 2022 a Maroko, Ebi ce kyaftin, na huɗu muka zo.

Hajiya Rabi, Idi-Araba: Haba Usman, wannan wasan kake kawowa? Wasan kusa da na ƙarshe da Maroko, na kalle shi har ƙarshe, hawaye na yi. An ba Halimatu Ayinde jan kati, an ba Rasheedat Ajibade, muka rage mu tara a gaban Maroko da dubban 'yan kallonta. A haka suka riƙe 1-1 har ƙarin lokaci ya ƙare, sai a fenareti aka fitar da mu. In ana neman ranar da za a nuna aikin kyaftin mai tsaron baya, ai ranar ce. Da ni ce kai, cikin hujjojin Malam Sani zan sa shi.

Usman, Mile 12: Gaskiya ne Hajiya, na janye wannan. Ranar sun yi abin a yaba.

Alhaji Garba, Agege: Yara, na karanta duka. Ku duka kun manta kofin duniya na 1999. Florence Omagbemi ce kyaftin, Najeriya ta kai zagayen 'yan takwas a Amurka. Brazil ta yi mana uku, muka farke duka ukun, sai a ƙarin lokaci suka ci na huɗu. Har yau ba mu sake kaiwa nan ba. Ita Omagbemin ce kuma koci a 2016, lokacin da Ebi ta ɗauki kofi a Yawunde. In za a yi lissafin manya, da ita za a fara.

Malam Sani, Agege: Ranka ya daɗe, ba na ja da kai kan Omagbemi, uwa ce a wannan harka. Sai dai ita tsakiya ta fi bugawa, ni kuma kan 'yan baya na yi magana.

Usman, Mile 12: Ni dai na sauko daga cewa daɗewa ce kawai, maganar koci shida ta kama ni. Amma ta ɗaya, Ohale. Zuwa kofin duniya huɗu take da su yanzu, kuma a 2023 ita ce a fili.

Malam Sani, Agege: To sauranta biyu, ƙanina. An kira Magariba, in mun haɗu a gidan kallo ranar Asabar ka zo mini da wasa ɗaya tak da Ebi ta zubar mana, in ka samu.